Yadda ake riƙe kamfani ko kadarar da kotu ta damƙa maka

Idan rigima ta yi tsamari a kan kamfani, ko bashin banki ya taru har ana tsoron kafin a gama shari'a an kwance injina an sayar, kotu takan ɗauke wurin daga hannun masu shi ta damƙa wa wani mutum daban ya riƙe mata. Lauyoyi suna ce masa risiba. Ni na fi son kalmarmu ta gida, mai riƙon ƙwarya, domin ita ta fi faɗin gaskiyar aikin: ƙwaryar ba taka ba ce, kuma akwai ranar da za a ce miƙo ta a duba ko ta tsage.

Na yi wannan aiki sau da dama, mafi yawa a Kano, daga kamfanin casar shinkafa zuwa masana'antar roba da rukunin shaguna. Matasan akantoci da lauyoyi suna yawan tambayata ta ina ake farawa, shi ya sa na zauna na rubuta yadda nake bi.

Abin da za ka sani tukuna

Dokar da ke riƙe da wannan aiki a Nijeriya ita ce dokar kamfanoni ta CAMA, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Agusta na 2020, ta maye gurbin ta 1990. Maganar kamfani mai rajista hurumin Babbar Kotun Tarayya ne, wadda a Kano take Gyaɗi-Gyaɗi. Idan gida ne ko shaguna na ɗaiɗaikun mutane, babbar kotun jiha ce, idan kuma dukiyar gado ce ake jayayya a kai, kotun shari'ar Musulunci takan sa amintacce ya riƙa karɓar haya kafin a yi rabo.

Riƙon iri biyu ne. Akwai wanda aka ce ya tsare kadara, ya karɓi kuɗin da ke shigowa, ya biya abin da ya wajaba, shi ke nan. Akwai kuma wanda aka haɗa masa da manaja, wato ya ci gaba da gudanar da kasuwancin. Kada ka rikita kanka da wanda banki ya naɗa da kansa bisa yarjejeniyar jingina, ko wanda AMCON, hukumar gwamnati mai karɓar basussukan bankuna da aka kasa biya, ta naɗa da ikon dokarta, kamar yadda ta karɓi kamfanin jiragen Arik a Fabrairun 2017. Kai da kotu ta naɗa jami'in kotu ne. Bankin da ya kawo sunanka ba ubangidanka ba ne, mai kamfanin kuma ba abokin gabarka ba ne. Duk wanda na ga wannan aiki ya kayar, a nan ya fara tuntuɓe.

Doka tana neman mai wannan aiki a kan kamfani ya kasance yana da digiri a fannin shari'a, akanta ko makamancinsu, da gogewar aƙalla shekara 5 a harkar kamfanonin da suka durƙushe, da shaidar zama ɗan ƙungiyar masu wannan aiki ta BRIPAN ko wata ƙungiyar ƙwararru da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ta yarda da ita. Darakta ko mai binciken kuɗin kamfanin ba ya zama risiba, haka wanda kotu ta taɓa kamawa da zamba. Idan ba ka cika sharuɗɗan ba tukuna, ka bi wani babba a matsayin mataimaki. Nan ake koyon aikin da gaske.

Kayan aiki

Na farko shi ne kwafin umarnin kotu mai hatimi da sa hannun rajistara. Ka karɓi aƙalla 10, domin kowane banki zai riƙe ɗaya, 'yan sanda ɗaya, CAC ɗaya, kuma babu mai karɓar hoton waya. Ka haɗa da wasiƙar gabatar da kai da katin shaidarka.

Sai littattafai masu ɗaurarren bango guda 3, waɗanda ka lambata shafukansu da hannunka: na ƙidayar kaya, na shige da fice a get, da na abin da ya faru kullum. Kwamfuta tana da amfani, amma ranar da aka tsayar da kai gaban alƙali ana cewa ka ɓatar da kaya, littafin da ba a iya cire masa shafi shi ne zai cece ka. Ka tanadi littafin rasit mai kwafi, da hatiminka na roba mai ɗauke da sunan kamfanin da bayanin cewa yana hannun risiba.

Sababbin kwaɗuna masu kyau fiye da adadin ƙofofin da kake zato, sarƙa, fenti ko alƙalamin maka mai kauri na lambata injina, tocila, waya mai kyamara da isasshen caji da abin cajin tafi-da-gidanka. Idan hatsi ne a sito, ka zo da sikeli da ƙarfen huda buhu.

Mutane kuwa su ne rabin kayan aikin: lauyanka na kanka, ba lauyan banki ba, akanta, mai kimanta kadara mai rajista, injiniya ko bakanike da ya san irin injinan wurin, da masu gadi daga kamfanin tsaro mai lasisi. In kuɗi ba su isa a ɗauki kowa ba, a rage komai amma kada a rage mai gadi da injiniya.

1. Karanta umarnin kafin ka ce ka karɓa

Ka zauna da lauyanka ku bi shi layi-layi. Wace kadara aka ambata, da wane adireshi? An ba ka ikon gudanarwa ko tsarewa kawai? An ba ka ikon sayarwa? An ambaci asusun banki? Har yaushe umarnin zai yi aiki? Umarnin da aka samo a bayan idon ɗaya ɓangaren yawanci gajeren wa'adi gare shi, kuma ana iya soke shi da zarar masu kamfanin sun bayyana a kotu. Abin da ba a rubuta ba, ba a ba ka ba. Idan umarnin ya ce masana'antar da ke Sharaɗa, ba ka da ikon taɓa sitonsu na Dawanau, ko da kowa ya san nasu ne. Sai lauya ya koma kotu a faɗaɗa.

Ka tambayi kanka ko kana da wata alaƙa da wani ɓangare, ta jini, ta aure ko ta kasuwanci. In akwai, ka faɗa tun yanzu ko ka haƙura da aikin. Sannan a daidaita maganar ladanka da kuɗin fara aiki a rubuce, da sanin kotu. Kotu takan kuma nemi ka kawo mai tsaya maka ko takardar lamuni, ka shirya wannan da wuri.

2. Yi bincike shiru

Kafin ka taka ƙafa, ka sa a duba fayil ɗin kamfanin a CAC: su wane ne daraktoci, wa da wa suka yi rajistar jingina, wa ya riga wani. A duba takardun filin a hukumar bayanan filaye, wato KANGIS in a Kano ne, ko KADGIS in a Kaduna. Injina da motoci kuma a duba su a rajistar jinginar kayan da ake iya ɗauka, wadda Babban Bankin Nijeriya ke kula da ita. Ka bi ta gaban wurin sau biyu ko uku a lokuta daban-daban, ka ƙirga ƙofofi, ka ga ƙarfe nawa ake canjin ma'aikata.

Ka riƙe ranar shiga a bakinka. Akwai wani aiki da labari ya fita kwana 2 kafin mu je. Muka tarar da gurbin babban janareta fayau, sai ƙusoshin da aka kwance da tabon baƙin mai a kan siminti, sawun tayar babbar mota kuma bai ko bushe ba. Mun yi watanni a kotu kafin ya dawo.

3. Ranar shiga

Ta hanyar rajistaran kotu za ka nemi ma'aikatan kotu masu zartar da umarni, kuma a rubuta wa Kwamishinan 'Yan Sanda a nemi rakiya. 'Yan sanda za su zo ne don kada a yi faɗa, ba su ne masu karɓe wurin ba. Ƙa'idojin zartar da hukunci sun hana aiwatarwa ranar Lahadi, ranar hutun gwamnati ko da dare sai da izinin alƙali. Ni na ƙara wa kaina Juma'a, domin yinin gajere ne kuma in wani abu ya taso kotu ta tashi sai Litinin. Talata da sassafe nake so, kafin motocin kaya su fara fita.

Kada ka zo da 'yan daba, ko wa ya ba ka shawarar. Kada ka zo da ma'aikatan banki suna nuna yatsa suna ba da umarni. In sun matsa sai sun zo, mutum ɗaya ya isa, ya tsaya a matsayin shaida.

Da isarka, mutum biyu su tsaya a kowace ƙofa, babu abin da zai fita. Kai kuma ka yi sallama, ka nemi babban wanda ke wurin. Ma'aikacin kotu ya miƙa masa umarnin, ya sa hannu da kwanan wata da lokaci. In ya ƙi, a rubuta cewa ya ƙi, a liƙa kwafi a get, a ɗauki hoto.

Idan mai kamfanin yana nan, ka ja shi ofis ku zauna, kada ka yi masa magana a gaban yaransa. Mutum ne da ya yi shekaru yana gina wurin, yau kuma baƙo ya zo da takarda. Abin da nakan ce shi ne: "Ranka ya daɗe Alhaji, kotu ce ta aiko ni in riƙe wurin nan amana har ta yanke hukunci. Ban zo cin mutuncinka ba. Duk abin da zan ƙirga, ina so wakilinka ya tsaya a kai." Wani zai yi faɗa, wani zai yi ta kiran manya a waya yana miƙo maka. Kada ka karɓi wayar. Ka ce duk mai magana ya yi da kotu. Wani dattijo kuwa shiru ya yi, ya ciro tarin makullai daga aljihun babbar rigarsa ya ajiye a kan tebur, ya ce in bar shi ya ɗauki dardumarsa da hoton mahaifinsa da ke bango. Na rubuta su a littafi a matsayin kayansa na kansa, ya sa hannu, na raka shi har mota. Daga baya shi ne ya riƙa nuna mini waɗanda kamfanin ke bi bashi.

A wannan yinin za ka karɓi makullai, littattafan ceki, na'urorin shiga asusun banki, na'urorin POS, hatimin kamfani, takardun motoci da na fili, kwamfutocin ofishin kuɗi da lambobin sirrinsu, da na'urar da ke adana hotunan kyamarorin tsaro. A ƙirga kuɗin da ke hannun kashiya a gabansa, ku sa hannu tare. A ɗauki hoton mitar wuta, a auna man da ke tankin janareta da sanda a rubuta. A canza kwaɗuna duka kafin magariba. In akwai ƙofar da aka ce makullinta ya ɓace, kada ka fasa da kanka. Ma'aikacin kotu ne zai sa a buɗe, a gaban shaidu, kyamara tana ɗauka.

In aka tare ku da ƙarfi, ku janye. Lauya ya shigar da ƙarar raina kotu. Jinin mutum ɗaya da zai zuba a get ya fi duk abin da ke cikin wurin tsada.

4. Ƙidaya

Nan ne aikin yake, kuma nan ne masu gaggawa suke yanka wa kansu wuya. Duk abin da ba ka rubuta a makon farko ba, za a ce yana nan kai ka ɓatar. Duk abin da ka rubuta yana nan alhali ba ka gani da idonka ba, za a ce ka kawo shi.

Ku bi wurin ɗaki-ɗaki, kai da injiniya da mai kula da sito da wakilin masu kamfanin. Kowane inji a ba shi lamba da fenti, a rubuta sunan ƙirarsa da lambar da ke jikin farantinsa, a ɗauki hoto, sannan a tayar da shi a ga ko yana aiki. Injin da ke tsaye da kyau a ido yana iya zama an zare masa moto ko an yanke wayoyin jan ƙarfen cikinsa an kai wa 'yan jari-bola. A buɗe akwatunan wuta a leƙa. Kowane shafi kowa ya sa hannu a ƙasansa kafin a juya. In wakilin masu kamfanin ya ƙi zuwa, ka aika masa gayyata a rubuce, ka ajiye shaidar ya karɓa, ka nemo wani mai mutunci da ba ya cikin rigimar, kamar wakilin mai unguwa, ya tsaya.

Kada ka yarda da lissafin da ke katin sito. A wani kamfanin shinkafa an nuna mana tsibin buhuna har kusa da rufi, katin ya ce duk shanshera ce. Na sa a rushe layin gaba. Daga layi na uku zuwa bango buhunan ɓuntu ne, an ɗinke su tsaf. Da na sa hannu a kan katin, da ni za a tambaya ina shinkafar ta tafi. Tun daga ranar, tsibi ko na mene ne, sai an rushe an sake jerawa ana ƙirgawa, ana huda buhu ɗaya cikin kaɗan.

Sai kayan mutane. A masana'anta kusan kullum akwai abin da ba na kamfanin ba: shinkafar da 'yan kasuwar Kura suka kawo a casa musu, motar haya da ta kwana a ciki, injin da aka karɓo haya, kayan da aka biya kuɗinsu ba a ɗauka ba. Ka ware su gefe, ka ba su shafi daban. Masu su za su zo, wasu da webil, wato takardar rakiyar kaya, wasu da 'yar takarda da kashiya ya rubuta da biro. Ka saurare su da haƙuri, domin sau da yawa jarin mutum ke nan gaba ɗaya. Ka gwada takardarsu da littafin get na kamfanin, su yi takardar rantsuwa a kotu, sannan ka nemi izinin alƙali ka sallame su. Kada ka saki kaya don tausayi kawai, kada kuma ka riƙe na talaka wata da watanni don kana ƙyuyar rubuta buƙata.

5. Kuɗi

A ranar shiga ko washegari, ka kai wa kowane bankin da kamfanin ke hulɗa da shi wasiƙa da kwafin umarni, a dakatar da tsofaffin masu sa hannu, a ba ka bayanin asusu na aƙalla shekara guda baya. Ka buɗe sabon asusu da sunan kamfanin tare da bayanin cewa yana hannun risiba. Ko kwabo kada ya bi ta asusunka ko na ofishinka, ko da na dare ɗaya ne, ko da banki ya yi jinkirin buɗe sabon. In jinkirin ya yi yawa, ka sanar da kotu a rubuce ka nemi ta faɗi inda za a ajiye.

Ka rubuta wa duk wanda kamfanin ke bi bashi cewa daga yau sabon asusu kaɗai ake biya. Dillalai da yawa sun saba tura kuɗi asusun manaja ko na ɗan mai gida, kuma za su ci gaba in ba ka toshe ba. Ka duba inshorar gobara da ta sata. Yawanci za ka tarar ta ƙare tuntuni, domin ita ce farkon abin da kamfani mai ciwo yake daina biya. Ka sabunta ta a makon farko.

6. Sanarwa

Cikin kwana 14 da naɗinka dole CAC ta samu sanarwa, da sharuɗɗan naɗin da ladan da aka yanka maka. Daga ranar kuma duk wasiƙa, takardar odar kaya da takardar neman biya da ta fita da sunan kamfanin sai ta nuna an naɗa risiba, amfanin hatimin robar nan ke nan. Ka sanar da kamfanin a rubuce, daraktoci kuma su kawo maka bayanin dukiya da basussuka cikin kwana 14, da rantsuwa. Ka buga sanarwa a jarida, ka rubuta wa hukumomin haraji na tarayya da na jiha da kamfanin wuta.

7. Ma'aikata

Ka tara su tun ranar farko ko ta biyu, kafin jita-jita ta riga ka. Za ka tarar suna bin albashin watanni, fuskoki a murtuke, kowa yana jiran ya ji ko an kore shi. Ka gaya musu gaskiya: wane ne kai, me kotu ta ce, me ka sani, kuma yaushe za ka sake tara su. Kada ka yi alƙawarin biyan tsohon albashi a ranar, domin ba ka san abin da ke asusu ba. Abin da za ka iya cewa shi ne duk wanda ka riƙe, aikin da ya yi daga yau za a biya shi a kan lokaci, kuma tsohon haƙƙinsu za ka rubuta shi ka kai gaban kotu, inda doka ta ba albashin ma'aikata fifiko a kan basussuka da yawa.

Ka yi tantancewa ido da ido, kowa da katinsa, domin sunayen bogi ba sa rasuwa a takardar albashi. Wanda za ka riƙe ka ba shi sabuwar wasiƙa. Harajin albashi ana miƙa shi kafin 10 ga watan da ke biye. Fansho kuma, bisa dokar 2014, kashi 10 cikin 100 daga kamfani da kashi 8 daga ma'aikaci, ana tura shi cikin kwanakin aiki 7 bayan biyan albashi. Kada ka gaji halin waɗanda suka riƙa cirewa ba sa turawa.

Kuma kada ka yi saurin sallamar tsofaffin hannu. Baba mai gadi da ya shekara 20 a get ya san motar da ke fita da dare da wanda ke sa hannu a fitar da ita. Ka gaishe shi da girmamawa, ka zauna a bencinsa bayan la'asar. Wani irinsa ne ya taɓa cewa da ni, "Yallaɓai, ka duba bayan tankin ruwa," muka tarar da ƙaramar ƙofa da aka rufe da kwanon rufi, wadda ba ta cikin zanen ginin.

8. A ci gaba da aiki ko a rufe?

In an ba ka ikon manaja, cikin mako 2 zuwa 3 ka zauna da akanta ku yi lissafi mai sauƙi: a kowane buhu ko katan da aka fitar, nawa aka kashe a ɗanyen kaya, wuta, man gas da albashi, nawa aka sayar? In akwai riba ko da kaɗan ce, ci gaba ya fi, domin masana'anta mai hayaƙi ta fi wadda ciyawa ta rufe daraja a idon mai saye, kuma iyalai suna ci daga gare ta. Wanda ya zaga Sharaɗa, Challawa, Bompai ko Kakuri ta Kaduna ya ga abin da rufewa take yi wa inji. In kuwa kowane yini asara ake tafkawa, ka rufe cikin tsari: a tsiyaye ruwa da mai, a shafa giris, a lulluɓe injina, a bar injiniya ɗaya yana tayar da su lokaci-lokaci.

Gargaɗi mai nauyi a nan: kwangilar da ka ƙulla da kanka a matsayin risiba, doka tana iya kama ka da ita kai tsaye, sai dai in takardar ta faɗi akasin haka. Saboda haka kada ka karɓi kaya bashi da baki. In babu jarin sayen ɗanyen kaya, akwai mafita: ka yi wa 'yan kasuwa aikin casa ko sarrafawa su biya lada, ko ka ba da hayar wani sashe na ɗan lokaci da izinin kotu. Rance kuwa, ko na naira nawa ne, sai alƙali ya amince.

9. In shaguna ne ko gidan haya

Aikin ya fi sauƙi, amma surutu ya fi yawa. Ka bi ƙofa-ƙofa da kwafin umarni, kowane ɗan haya ya nuna rasit ɗinsa na ƙarshe, ka rubuta ranar da hayarsa za ta ƙare. Za ka ga waɗanda aka karɓi hayar shekara 2 ko 3 a hannunsu ana gobe za ka shigo, da rangwame mai yawa. Kada ka kore su, kada kuma ka amince nan take. Ka tattara rasit ɗin ka kai kotu ta yanke. A gidan gado, magada za su riƙa zuwa ɗaya-ɗaya, wannan kuɗin makaranta, wannan asibiti. Wata buƙatar gaskiya ce, musamman ta marayu da matan mamaci. Hanyar ita ce ka nemi kotu ta yanka musu abin ciyarwa na wata-wata daga hayar. Hannunka kada ya ba kowa ba da takarda ba.

10. Sayarwa

Ba ka sayar da ko tsohuwar taya sai umarnin ya ba ka iko, kuma ko ya ba ka, babbar kadara ka koma ka nemi amincewa a kan farashi. Banda kayan da za su lalace, kamar abinci ko sinadari mai wa'adi, waɗanda za ka nemi izininsu cikin gaggawa.

Ka samo kimantawa daga masu kimanta kadara 2 da ba su san juna a aikin ba. A tallata a jarida, a ba mutane lokacin zuwa dubawa, a karɓi tayi a rufaffiyar ambulan, a buɗe a gaban wakilan ɓangarorin duka. Banki zai matsa maka ka sayar da wuri, domin shi kuɗinsa kawai yake so ya fita. Amma abin da ya ragu bayan bashi haƙƙin wasu ne, kuma karyar da kadara zalunci ne da kotu za ta iya sa ka biya daga aljihunka. Kai, ɗan'uwanka, abokinka ko kamfanin da kake da hannu a ciki, babu mai saye. In fili ne ko gini, ka tuna dokar filaye ta 1978 tana neman amincewar gwamna kafin mallaka ta koma hannun mai saye, ka gaya masa tun farko don ya san akwai jira.

11. Rabo, rahoto da miƙa makullai

Kada ka raba kuɗi da ra'ayinka. A bisa tsari, ana fara cire kuɗin da aka kashe wajen tsarewa da sayarwa da ladanka da kotu ta amince. Kuɗin kadarar da aka jinginar takamaimai, kamar fili ko wani inji, na mai jinginar ne. Abin da ya fito daga sauran dukiya mai juyawa, kamar kayan sito da basussukan da aka karɓo, sai an biya masu fifiko irin su albashi da haraji kafin banki ya taɓa. Ka tsara jadawalin, ka kai kotu, ta sa albarka, sannan ka rubuta ceki.

Rahoto kuwa kada ka jira a tambaye ka. Doka ta ɗora maka aika lissafin shiga da fita ga CAC a kan lokaci, umarnin kotu kuma yakan faɗi nasa wa'adin. Ni nakan shigar da gajeren rahoto duk wata 3, da bayanin asusu a manne, in ba kowane ɓangare kwafi. In aka kawo maka umarnin da ya dakatar da kai ko ya soke naɗinka, ka tsaya cak a ranar, ko kana ganin kuskure ne, lauya ya je ya yi magana.

Idan aiki ya ƙare, ko an biya bashin, ko an sasanta, ko an sayar, ka shigar da lissafin ƙarshe ka nemi kotu ta sallame ka a rubuce, ta kuma saki mai tsaya maka. Ka sanar da CAC ka sauka, ka rufe asusun. Ranar miƙawa ka ɗauko littafin ƙidayar nan na makon farko, ku sake bin wurin ɗaki-ɗaki da wanda zai karɓa, inji-inji, lamba-lamba. Abin da aka sayar a nuna izininsa da rasit ɗinsa, abin da ya lalace a nuna rahoton injiniya. A sake ɗaukar hoton mita, a sake auna tankin mai. Ya sa hannu a kowane shafi, sannan ka ƙirga masa makullai ɗaya-ɗaya. Littattafan uku da kwafin kowane rasit ka kai su gida ka adana aƙalla shekara 6, domin ƙarar da za ta taso a kan aikin takan zo ne bayan kowa ya manta.